Yadda Ake Ɗaura Robar Tare Laka a Tsohuwar Motar Ƙawa Ba Tare da An Cuci Fentinta Ba

Duk wanda ya mallaki ɗaya daga cikin tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, irin su Mercedes-Benz SL da aka ƙera tsakanin 1971 da 1989, ko MGB ta Ingila da aka daina ƙerawa a 1980, ko Datsun 240Z ta Japan, ko Peugeot 504 Coupé wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ya san cewa ba rana kaɗai ke cin fentin mota a Kaduna ba. Idan ka durƙusa ka shafa ƙasan ƙofa, da gefen madigadi ta bayan tayar gaba, da ɓangaren da ke tsakanin tayar baya da bamba, za ka ji wurin ya yi kaushi kamar samfefa, alhali saman motar yana nan sumul yana ƙyalli. Wannan kaushi aikin tayoyin motar ne da kansu, domin su ne ke kwasar tsakuwa da yashi daga titi suna watsa wa jikinta. Robar tare laka da ake ɗaurawa a bayan kowace taya tana rage wannan ɓarna ƙwarai, amma fa idan an auna ta daidai kuma an ɗaura ta da lura. Robar da aka ɗaura da garaje tana iya jawo tsatsa da kartar fenti fiye da abin da tsakuwar za ta yi, kuma wannan haɗari ne ya sa jagorar ta yi tsawo.

Abin da taya ke yi wa fenti

Idan mota tana gudun kilomita 80 a awa, fuskar tayarta tana juyawa da wannan gudun idan aka kwatanta da jikin motar, wato kimanin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakuwar da ta maƙale a tsagin zanen taya, da zarar ta kuɓuce, da kusan wannan gudun take tashi ta yi baya da sama. Ƙarfin dukanta kuma ba daidai yake tafiya da gudu ba, domin idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin dukan ninkawa yake yi sau huɗu. Shi ya sa tafiya guda a kan hanyar Zariya ko ta Abuja, a wurin da ake aikin titi aka zuba tsakuwa, takan yi wa fenti illar da zirga-zirgar wata da watanni a cikin Unguwar Rimi ko Malali ba za ta yi ba.

Tsofaffin motocin nan sun fi na zamani rauni ta wannan fuska. Yawancinsu ba su da murfin roba a cikin ramin taya irin wanda sababbin motoci ke zuwa da shi, saboda haka ƙarfe ne tsirara yake karɓar duka. Jikinsu yakan lanƙwasa ya shige ciki ta ƙasan ƙofa, wanda hakan ke barin gefen taya a waje yana fuskantar fenti kai tsaye, kuma masu motocin da yawa sun sa tayoyin da suka fi na asali faɗi, abin da ya ƙara tsananta matsalar. Fentin wancan zamani kuwa, musamman na motocin Ingila na shekarun 1960, sau da yawa shafi ne mai launi kawai babu wani shafi mai haske a kansa, kuma shekaru sun busar da shi har ya zama mai saurin ɓantarewa. Sai a haɗa da yanayinmu. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwa yana kwaso burji da jar ƙasa daga layukan unguwanni ya shimfiɗa su a bakin kwalta, jar lakar kuma idan ta manne a inda fenti ya ɓantare takan riƙe danshi kwana da kwanaki. Da hunturu ya kama, ƙura ce ke shiga kowane lungu. Tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ɓangaren dama na mota ne ke bin bakin titi inda tsakuwa ke taruwa, kuma in ka duba da kyau za ka ga shi ya fi cin wuya.

A ganina, idan mutum ba zai iya ɗaura robobi huɗu ba, to ya fara da biyun gaba. Su ne ke kare dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, wanda a motoci irin MGB da SL ba ado ba ne, yana cikin abin da ke riƙe da ƙarfin jikin motar gaba ɗaya. Na baya suna kare gefen but da bamba mai ƙyalli, suna kuma kare gilashin wanda ke biye da kai, wanda shi ma haƙƙi ne.

Duba motar kafin ka sayi komai

Ka wanke ramin kowace taya sosai, ka sa yatsa ka kwakule lakar da ta daskare a bayan leɓen madigadi, wato bakin ƙarfen nan da aka naɗe zuwa ciki, sannan ka bar motar ta bushe a inuwa kwana guda. Daga nan ka ɗauki tocila da ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle mai laushi, ka bi leɓen a hankali. Inda maganaɗisun ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne lafiyayye. Inda ya saki ko ya kama da ƙyar, foti ne aka cika wurin da shi a wani gyara na baya, kuma foti ba ya riƙe noti, tsagewa yake yi. Idan ka ga fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, akwai tsatsa a ƙarƙashinsa. Irin wannan wuri ba a rufe shi da roba, sai an kai wa mai gyaran bodi ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ya yi waldar sabo tukuna. Ƙananan ɓantarewar da tsakuwa ta riga ta yi kuwa, a goge su, a ɗiga musu fentin ƙasa mai hana tsatsa, wato wanda ake fara shafawa kafin mai launi, da bakin tsinke, a bi da fenti mai launin motar, a bari su bushe kafin a ci gaba.

A wannan dubawar ce kuma za ka nemi huji ko noti da kamfani ya riga ya yi a wurin. Sau da yawa akwai notin da ke riƙe ƙasan madigadi, ko na farantin da ke tare ruwa a bayan tayar gaba, ko na ƙarfen da ke riƙe gefen bamba. Duk notin da ka samu a kusa, alheri ne, domin ya rage maka huji guda.

Zaɓen roba da ƙarafa

Akwai robobin da ake yi musamman domin wasu daga cikin motocin nan ana sayar da su a ƙasashen waje, kuma wanda ya samu ya huta da yanka, ko da yake bai huta da awo ba. Wanda bai samu ba, kasuwar Panteka ta ishe shi, domin a can ake samun roba shimfiɗaɗɗiya da ƙarafa da masu lanƙwasa su. Abin nema shi ne baƙar roba mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, sun ƙayyade wa motocin tseren daji roba mai lanƙwasuwa da kaurinta bai gaza milimita 4 ba, wadda kuma ƙasanta bai wuce santimita 10 daga ƙasa ba, kuma abin da ya yi kusa da waɗannan alƙaluma ma'auni ne mai kyau ga motar titi ma, ko da yake dokar ba ta hau kanta ba.

Idan mai shago ya miƙo maka robar, ka naɗe gefenta biyu ka matse da yatsu, ka duba bayan lanƙwasar a haske. Idan ka ga ƙananan tsaga sun buɗe, ko wurin ya yi fari-fari, robar ta tsufa a ajiya, ba za ta yi damina biyu ba. Ka sake ta ka ga ko ta koma a miƙe nan take. Ka kuma goga ta a farar takarda: wadda ta bar baƙin shafi mai yawa, haka za ta yi wa fentinka. Kada ka yarda da robar tirela ko tsohon bel ɗin masana'anta, duk da cewa za a yaba maka ƙarkonsu, kuma gaskiya ne suna da ƙarko. Nauyinsu ya fi ƙarfin siririn leɓen madigadi, kuma kaɗawar da za su riƙa yi a kan gargada za ta gajiyar da ƙarfen har ya tsage a gefen noti. Busasshiyar roba mai tauri ita ma ba ta dace da mota mai gajeren ƙasa ba, domin idan ta daki tudun rage gudu ba ta lanƙwasawa, sai ta tura dukan zuwa ga madigadi.

Sauran kayan su ne notuna masu lamba M5, namiji da mace, na ƙarfe marar tsatsa, kuma macen ta kasance mai zoben roba a ciki wadda girgiza ba ta kwance ta. Wosha masu faɗi na ƙarfe da wasu na roba. Sillen alminiyam mai kaurin milimita 2 da faɗin kimanin santimita 2. Ledar kare fenti mai haske, irin wadda kaurinta yake kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Salatif na takarda, kwali mai kauri, zare, alli, tef ɗin awo, reza mai kaifi, fentin ƙasa mai sinadarin zinki, da man kakin hana tsatsa ko giris mai kauri.

Awo da kwali da zare

Nan ne aikin yake, kuma nan ne bai kamata a yi gaggawa ba. Ka ajiye motar a daɓe mai daidaito, a inuwa, iskar tayoyi daidai, sitiyari a miƙe, tanki da mai kamar rabi, sannan ka sa wani mai kimanin nauyinka ya zauna a kujerar direba. Dalilin zaman nasa shi ne tsofaffin sifirin suna nutsewa da nauyi fiye da yadda ake zato, kuma awon da aka yi motar tana wayam yakan ba da roba mai jan ƙasa.

Ka yanki kwali wanda ya fi girman da kake buƙata, ka tura shi bayan taya ya jingina da leɓen madigadi ta ciki, ka bi lanƙwasar leɓen da fensir, ka yanke, ka sake gwadawa har sai gefen kwalin ya bi jikin motar ba tare da gibi ba. Ka liƙa shi da salatif na takarda. Faɗinsa ya rufe faɗin tayar duka, ya ɗan leƙo waje da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga gefen tayar. Fiye da haka yana ɓata siffar motar, ƙasa da haka kuma yana barin tsakuwar gefe ta wuce, alhali ita ce mai dukan ƙofa.

Tsawon robar kuwa zare ne zai faɗa maka. Ka danne bakin zaren a ƙasa, daidai inda fuskar taya ta rabu da daɓe ta baya, ta gefen waje. Ka ja shi a miƙe ya shafi ƙasan kwalin, ka ci gaba da jan sa baya a kan wannan layi. Wannan zare shi ne hanyar tsakuwa mafi tsayi da za ta iya wucewa ta ƙarƙashin robar, domin duk wadda ta tashi sama da shi roba za ta tare ta. Idan zaren ya wuce ta ƙarƙashin mota bai taɓa fenti ba sai can kusa da tayar baya, to tsawon ya isa. Idan ya taɓa ƙasan ƙofa tun a tsakiya, ka sauko da kwalin santimita ɗaya ka sake ja. Za ka ga abin mamaki a nan, wato santimita ɗaya a ƙasan roba yana kare tsawo mai yawa na jikin mota, saboda robar tana kusa da taya ƙwarai. A tayar baya ma haka za ka yi, kana duba ko zaren zai taɓa kusurwar madigadi da bamba.

Sai dai akwai iyaka ta ɗaya ɓangaren. MGB ta farko, alal misali, tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce kimanin santimita 13 ba, kuma duk mai tuƙi a Kaduna ya san tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, da gangaren shiga get da ake ɗorawa a kan kwata. Shawarata ita ce a bar tsakanin santimita 9 zuwa 11 daga ƙasan robar zuwa daɓe, direba yana zaune. Idan zare ya nemi a sauko fiye da haka, kada ka bi shi. Ka tsaya a nan, sauran wurin da ya rage ka rufe shi da ledar kare fenti.

Akwai gwaji na biyu da mutane ke mantawa, kuma shi ne ke ceton madigadi. Ka tura ƙasan kwalin zuwa ga taya, kamar yadda zai faru idan kana ribas robar ta daki dakali ko bakin kwata. Idan ƙasansa ya kai inda taya za ta iya take shi, ya yi tsawo. Robar da taya ta take a lokacin ribas ba yagewa kawai take yi ba, takan fizgo leɓen madigadi ta lanƙwasa shi, fentin wurin ya tsage. Bayan haka ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka tabbata akwai sararin yatsu biyu tsakanin kwali da taya a kowane matsayi. A baya kuma ka duba salansa: a bar aƙalla santimita 5 tsakaninta da roba, in ya kama a yanke gefen robar a yi mata hanya.

Idan kwalin gefe ɗaya ya yi daidai, ka juya shi ka gwada a ɗaya gefen, amma kada ka ɗauka zai zauna haka nan. Motar da ta shekara arba'in ko hamsin da wuya ɓangarorinta biyu su zama daidai, ko don sifirin ɗaya ya fi gajiya, ko don an taɓa gyara madigadi ɗaya. Ka auna daga ƙasa, ba daga madigadi ba, domin idon mai kallo daga baya da ƙasa yake kwatanta robobin.

Daga nan ka ɗora kwalin a kan roba, ka zana da alli, ka yanka da reza kana bin ƙarfe miƙaƙƙe, sau uku ko huɗu a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Ka zagaye kusurwoyin ƙasa, ka goge bakin yankan da samfefa.

Matsewa ko hudawa

Idan ka kai motar gareji, mai yiwuwa ka ji an ce maka, "Alhaji, ai sukuru biyu za mu ɗaura mata, minti biyar an gama." Ka amsa da ladabi, "Malam, a yi haƙuri, ba na son sukuru ya shiga jikinta." Sukuru mai cin ƙarfe da kansa yana yage fenti a bakin hujin, yana barin ƙarfe tsirara a wurin da ruwa ya fi zama, kuma girgiza tana faɗaɗa hujin a hankali. A irin wannan huji ne tsatsar leɓen madigadi takan fara.

Hanyar da na fi so ita ce wadda ba a huda jikin mota ko kaɗan. Ana amfani da ƙananan maƙalai masu kama leɓen madigadi a matse su da noti, a sa guntun roba tsakanin maƙalin da fenti ta kowane gefe, sannan a ɗaura robar tare laka a jikin maƙalan. Ana ƙarfafa su da ƙarfe guda mai lanƙwasa da zai tashi daga notin da kamfani ya riga ya sa, ya riƙe gefen robar na ciki. Mai lanƙwasa ƙarfe a Panteka zai yi maka wannan in ka kai masa samfurinsa na kwali ko na waya. Amfanin wannan hanya shi ne ranar da ka so mayar da motar yadda ta fito daga kamfani, kwancewa kawai za ka yi, kuma masu sayen irin motocin nan suna duba huji da ba na asali ba, suna rage kuɗi a kansa. Rauninta shi ne maƙalai suna iya zamewa, saboda haka suna buƙatar dubawa akai-akai.

Idan leɓen ya yi siriri ko siffarsa ba ta karɓi maƙali ba, sai a huda, amma a leɓen da ya naɗe ciki kawai, ba a fuskar madigadi da ake gani ba.

Ɗaga motar da yin huji

Ka sa giya, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin da ke ƙasa da katako. Ka sassauta notunan taya tun motar tana ƙasa. Idan motarka mai tayoyin waya ce da ake ɗaurewa da babban murfi guda a tsakiya, ka sani zaren murfin dama da na hagu ba hanya ɗaya suke kwancewa ba, kuma akwai kibiya a jikin murfin da ke nuna hanyar. Kada ka amince da wurin sa jak na gefen tsohuwar mota sai ka tabbatar bai ruɓe ba, kuma da zarar ta ɗagu ka tokare ta da ƙafar ƙarfe a wuri mai ƙarfi. Ba a sa kai ko hannu a ramin taya mota tana kan jak kaɗai, ba a kuma dogara da bulo, domin bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Ka liƙa salatif na takarda a leɓen, ka sa alamar huji uku, tazarar santimita 6 zuwa 8 tsakaninsu, kowanne a tsakiyar faɗin leɓen, kana kauce wa ɗigon walda na kamfani. Ka leƙa bayan wurin da tocila ka tabbata babu wayar lantarki, ko bututun birki, ko na mai. Ka rufe gefen motar da tsohon zane. Ka zura guntun tiyo a bakin injin huji ya rage santimita ɗaya kawai a waje, domin kada bakin ya zarce ya daki fatar madigadi ta ciki ya fito da ƙulu a fenti. Ka fara da baki mai milimita 3, ka bi da mai milimita 5.5, injin yana juyawa a hankali.

Garin ƙarfen da ya zubo abin tsoro ne fiye da yadda ake ɗauka. Yana fita da zafi, yana manne wa fenti, kuma raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar da shi jajayen ɗigo a jikin ƙofa. Ka kwashe shi da maganaɗisu ko ka hure shi, kada ka share da tsumma. Sannan ka kankare kaifin bakin hujin, ka shafa fentin ƙasa mai zinki ciki da waje da ƙaramin buroshi, ka bi da fenti mai launi, ka bar shi ya kwana. Washegari ka cika bakin hujin da man kaki ko giris kafin noti ya shiga. Motar da jikinta na zaren gilashi ne, irin Chevrolet Corvette ko Lotus Elan, ba ta tsatsa a wurin, amma tana tsagewa, don haka ita ana faɗaɗa wosha kuma ba a matse noti da ƙarfi.

Ɗaura robar

Kafin roba ta taɓa mota, ka liƙa ledar kare fenti a duk inda za ta jingina, ledar ta zarce gefen robar da santimita ɗaya. Dalili biyu ne. Ƙura tana shiga tsakanin roba da fenti komai matsewar da aka yi, kuma da motsin tafiya sai ta riƙa goge fentin har ta kai ga ƙarfe. Baƙar roba kuma tana fitar da sinadarin da ke rina fenti mai haske ya koma ruwan ƙasa, rinin da wanki ba ya fitarwa. Idan fentin sabo ne, ka jira aƙalla wata guda ko abin da mai fentin ya ce kafin ka liƙa leda. Idan kuma na asali ne da ya tsufa ya fara tsattsagewa, ka gwada ledar a ɓoyayyen wuri tukuna, domin wajen cirewa tana iya tasowa da fentin. A irin wannan hali gara a sa woshar roba ta ɗaga robar daga jikin fenti da milimita 2 ko 3, ruwa ya riƙa wucewa ta tsakani.

Hujin jikin roba ya ɗan fi na ƙarfe faɗi, kamar milimita 6, domin a samu damar daidaitawa. Jerin kayan daga gefen taya shi ne kan noti, sai sillen alminiyam da ke danne robar a tsawon layin notunan, sai robar kanta, sai leɓen madigadi, sai woshar roba, sai woshar ƙarfe, sai macen noti. Sillen yana raba nauyi domin kada robar ta yage a bakin noti, robar da woshar roba kuma suna raba alminiyam da ƙarfe marar tsatsa daga ƙarfen mota, domin ƙarafa mabambanta idan suka haɗu a cikin danshi ɗaya yakan ci ɗaya. Kan notin ne zai fuskanci taya, ba wutsiyarsa ba. Ka ɗaura duka da hannu sako-sako, ka mayar da taya, ka sauke motar, ka tura ta gaba da baya kaɗan domin ta zauna daidai, sannan ka koma baya taku goma ka durƙusa ka duba ko ƙasan robobin biyu yana layi ɗaya kuma a miƙe. Sai ka matse, daga notin sama zuwa na ƙasa, ka tsaya da zarar roba ta fara nutsewa a ƙarƙashin sillen. Matsewar da ta wuce haka tana sa robar ta yi kumburi ta karkace.

Gwaji da kulawa

Ka shafa alli a fuskar robar da ke kallon taya da kuma bakinta na ƙasa. Ka ɗauki mutum ɗaya, ka fita ka juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe kana tafiya a hankali, gaba da ribas, ka hau tudun rage gudu, ka shiga get ɗin gidanka ka fita da baya. Inda alli ya goge, nan ne ake gogayya. Gogewa kaɗan a bakin ƙasa ba matsala ba ce, amma gogewa a fuskar da ke kallon taya tana nufin a rage robar ko a ja ta baya da ƙarfen ciki. Daga nan ka hau babban titi, ka sa wani ya bi ka a wata motar ya duba ko iska tana ɗaga robar ta kwanta baya. Idan tana kwanciya sosai, ba ta tare komai a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, kuma maganin shi ne a ƙara sillen alminiyam a tsaye a gefenta na ciki, ya sauko zuwa rabin tsawonta kawai, rabin ƙasa ya ci gaba da lanƙwasuwa.

Bayan kimanin kilomita 100 ka sake bin notunan duka, har da na taya, domin sabuwar roba tana nutsewa ta saki matsi. A wurin wankin mota ka gaya wa yaran su riƙa ɗaga robar suna zuba ruwa a bayanta, amma kada su kafa bakin injin feshi mai ƙarfi a gefen leda ko a tsohon fenti. Kada a shafa wa robar baƙin mai ko man birki don ta yi ƙyalli, domin baƙin mai yana kumbura roba, man birki kuma yana cin fenti; ruwa da sabulu sun isa. A ƙarshen Oktoba, idan ruwa ya ɗauke, ka kwance robobin huɗu gaba ɗaya, ka wanke jar lakar da ta taru a bayansu da cikin leɓen, ka duba bakin kowane huji da tocila, ka canza ledar da ta dusashe, ka sabunta man kaki, sannan ka mayar da su da sababbin matan noti, domin zoben robar da ke cikinsu yana rage kamu bayan an kwance shi.